Kwanon Baba da Masu Tallan Waya

An ce a Funtuwa an yi wani tela mai suna Tanimu, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Mahaifinsa Malam Barau ya tsufa tukuf, a gidan ɗan nasa yake zaune, kuma tun rasuwar matarsa ba ya cin abinci sai kwano ɗaya da ɗansa. Tsohon yana da ɗabi'a irin ta mutanen da: in abokin ci ya tsame hannu ya tashi, shi ma ya tsame ya wanke, ba ya komawa.

Ana nan sai masu talla ta waya suka sami lambar Tanimu. Da an ajiye tuwon rana sai waya ta ɗauki ƙara. Wannan maganin gargajiya yake sayarwa, wancan fili a bayan gari. Kowa ya fara da, "Salamu alaikum Alhaji, ina gajiya, yaya iyali?" Ina Tanimu zai iya katse wanda ya gaishe shi haka? Sai ya miƙe ya fita zaure don kada ya dami tsoho, kafin ya dawo an rufe kwano. Tsoho ya yi ta ramewa har wuyan riga ya yi masa yawa. Tanimu ya ɗauka ciwo ne. Abin takaici, wajen masu kiran nan ya je ya sayo masa maganin buɗe ciki!

Rannan ya kai ragowar tuwo turke, ransa a ɓace, yana cewa, "Wai me ke damun Baba?"

Tsohuwar akuyar gidan ta ɗago kai ta ce, "Maigida, ni ce mai cin ribar abin nan, dubi yadda na yi ɓul-ɓul. Amma ƙibar da za ta kai tsoho kushewa ba na son ta. Zauna ka ji labarin Gagarau maƙeri."

Tanimu ya zauna bisa turmi, baki buɗe. Akuya ta fara:

A wani gari an yi maƙeri Gagarau, maƙerarsa tana bakin hanyar kasuwa. Ba a taɓa ganin mai fara'a irinsa ba. Da ƙarfe ya yi ja, sai ga mai tallan tabarmi ya yi sallama. Gagarau ya ajiye guduma, a gaisa, a tambayi gida, a taya kayan da ba zai saya ba. Kafin ya juyo ƙarfe ya huce. Damina ta kawo kai, manoma suna ta sintiri, ko fartanya ɗaya bai gama ba. Mai yi masa zuga, wani dattijo ne mai suna Ɗangoje, ya gaji da hura wutar banza, ya saki zugazugi ya ce, "Haba maƙeri! Ba ka ji abin da ya sami kurciya ba?"

Gagarau ya ce, "Me ya same ta?"

Ɗangoje ya ce, "Wata kurciya ce ke kwanci bisa ƙwanta a kan tsamiya. Kullum hankaka ya sauka ya ce, 'Yaya, barka da hutawa, yaya jiki?' Ita kuwa tana ganin rashin tarbiyya ne ta amsa gaisuwa daga kwance. Sai ta tashi ta koma reshe, ya yi ta ba ta labarin wata gona mai gero da zai kai ta. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, shiru. Ƙwai sun yi sanyi, sun lalace. Tana cikin kuka sai ta jiyo hankaka a bishiyar gaba yana ce wa hazbiya, 'Yaya, barka da hutawa.' Ashe ko sunanta bai sani ba, kowa Yaya ne a wajensa. Ka ji, maƙeri. Gaisuwar mai neman abu ba zumunci ba ce."

Gagarau ya ɗauki gudumarsa. Daga ranar, in an yi sallama sai ya amsa, guduma na hannunsa, ya ce, "Allah ya kawo kasuwa, ba na saye." Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma ba wanda ya zage shi.

Akuya ta dubi Tanimu ta ce, "To maigida, amsa sallama wajibi ne, amma ba a ce ka bar ubanka da kwano ka bi mai ita zaure ba. Kana jin kunyar wanda bai san fuskarka ba, ka ƙi jin ta wanda ya haife ka. Baba ba ciwo gare shi ba, yunwa ce."

Tanimu ya miƙe daga bisa turmi. Ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya. Ni na yi ta neman ciwo a jikinsa, ashe a aljihuna yake."

Washegari aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Sun yi bisimilla ke nan waya ta ɗauki ƙara. Tsoho ya fara janye hannu. Tanimu ya kashe ta da hannun hagu, ya tura ƙarƙashin tabarma, ya gutsuro loma.

Malam Barau ya ce, "Ba za ka tashi ba? Kada ka ɓata wa mutane rai."

Tanimu ya ce, "Ci, Baba. Ba inda za ni."

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da hannu cikin kwano, ya ce a hankali, "Ni da na ɗauka ka gaji da ci da ni ne, ɗan nan."