Na'ana'ar Inna Kande

Ku gyara zama, wannan sai kun yi musu a kanta.

Shekara tara Sallau yana yawon duniya, daga Agadas zuwa inda ƙafa ta kai shi. Da ya dawo gida sai ya tarar mahaifiyarsa, Inna Kande, ta rasu. Mahaifinsa Malam Jatau kuwa ya tare a lambu, wuni yake yi yana gadin wata na'ana'a da marigayiyar ta dasa da hannunta. Har ya faɗa gaban shaidu cewa duk wanda ya raya ta cikin 'ya'yansa uku, lambun nasa ne, kyauta tun yana raye.

Babban wansu Tanimu shi ya hana ƙishi kashe ta. Shekarar da rijiyar lambun ta ƙafe, wata huɗu yana ɗauko ruwa daga fadama, safe da yamma, har kafaɗarsa ta yi kanta.

Ladidi kuwa, yayar Sallau, ranar da awaki suka keta darni suka cinye na'ana'ar ƙarƙaf, ita ta tono 'yar saiwa guda da ta rage. Ta rene ta a fasasshiyar tukunya, ta mayar da ita, ta kewaye da ƙaya.

Sallau ya sami na'ana'ar tana mutuwa a tsaye, ganyen duk ya yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Ya taɓa aikin lambu a wajen Buzaye, ya san ciwon. Bai shawarci kowa ba. Ya ɗauki lauje ya girbe ta har ƙasa, ya tara ganyen ya cinna masa wuta.

Ladidi ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Sallau, haukan da ka kwaso mana ke nan?"

"Yaya, ki ba ta kwana goma."

"Kwana goma? Dubi Baba!"

Tsohon ya iso, ya ga ƙasa fayau. Ya sulale ya zauna. Daga ranar ya kwanta, ko koko da ƙyar ake ɗura masa. Sallau kansa ya tsorata, har ya ɗaure jakarsa.

Ran kwana na tara sai ga toho kore shar, ya fi na da yawa. Aka tallafo Malam Jatau, ya murza ganye ɗaya ya shinshina.

"Ita ce," in ji shi. "Ku kawo mini tuwo."

To, lambu ɗaya ne, kuma tsoho ya ce ba za a raba shi ba. Wa za a ba: mai ruwa, mai saiwa, ko mai laujen da ya kusa kashe ubansu?