Kwanon Tanimu Daga Ƙasan Teku

Ranar Litinin, 4 ga Fabrairu, 1946, aka fara wannan zalunci. Wani akawu ya iso Ibi yana tattara sunayen waɗanda suka rasu a yaƙi. Ya tsaya a zauren Tanimu, mai zuba kwal a wani jirgin yaƙi na ruwa. Shekara uku jirgin ya yi yana rakiyar jiragen kaya kafin abokan gaba su nutsar da shi da mutanensa.

Akawu ya tambayi Dije, matar gidan, sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Maigidan nan.”

“Baiwar Allah, suna nake so!”

Wace macen kirki ce ke kama sunan mijinta? Maimakon ya tambayi maƙwabta, sai ya rufe littafi ya wuce. Aka sassaƙa sunaye a dutsen tunawa, babu Tanimu. Har Dije ta rasu, ba ta daina zama bakin Binuwai da la'asar tana kallon inda ruwa ya nufa ba.

Bayan shekara sittin masu nutso suka gano jirgin, suka fito da wani kwanon sha mai lamba a gindi. Aka baza labarin lambar, amma ba a san mai shi ba.

Asabe, babbar 'yar Tanimu, ita ta adana wasiƙarsa guda ɗaya tak, mai ɗauke da wannan lambar. Shekarar da ambaliya ta cinye gidansu, a cikin ɗankwalinta ta fito da ita.

Jibo, ƙanenta, ya bi garuruwa har Lokoja ya samo wani tsoho da ya taɓa aiki tare da mahaifinsu. Tsohon ya shaida cewa lambar ta Tanimu ce, kwana tara kafin shi tsohon ya cika.

Sallau, auta, yana ciki uban ya tafi. Shi ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi da wasiƙar da shaidar, ana korarsa yana komawa, har aka aiko da kwanon. Da ya riƙe shi sai ya ce wa Asabe, “Yaya, ashe da wannan Baba yake shan ruwa?”

Ni da na koyar da 'ya'yansu a firamare, ban gamsu ba. A rubuta sunan Tanimu a dutsen, kuma a zo Ibi a nemi afuwa a bainar jama'a, a gaban kabarin Dije.

Amma kwano ɗaya ne, kowannensu kuma yana so ya kwana a ɗakinsa. To jama'a, a hannun wa za ku sa shi?