Ƙis-ƙis a Motar Alhaji Barau

Ni mutum ne da idan motata ta soma wata baƙuwar ƙara, sai in ƙara muryar rediyo. Da wannan dabara na yi maganin cututtukan mota masu yawa, har kafinta maƙwabcina yana cewa da jin ƙarfin rediyona yake gane lafiyar injina. Shi ne kuwa ya ba ni wannan labari, wai ko zan yi hankali.

An ce wai a wani gari an yi wani Sarkin Gareji, ana ce masa Baba Jatau. Tsohon makanike ne da hannu ya gaji, ido bai gaji ba. Duk rigimar da ta tashi tsakanin mai mota da mai gyara, gindin ɗorawar da yake zama ake kawo ta. Garejin kuwa yana da doka tun ta magabata: wanda ya ɓata motar mutum, ya kuma kasa gyara ɓarnarsa, to ya kwashe kayan aikinsa ya bar rumfa.

A cikin masu rumfa akwai Haladu Riwaya, mai gyaran wayoyin mota, wanda ya gāji rumfarsa daga maigidan da ya koya masa aiki. A cikin masu kawo gyara kuma akwai Alhaji Barau mai goro, da wata tsohuwar mota da ta girmi 'ya'yansa duka. Hon ɗinta ya mutu, ya kawo wa Haladu, Haladu ya gyara. Tun daga ranar, da zarar Alhaji ya hau hanya, sai wani abu ya riƙa yi masa ƙis-ƙis, ƙis-ƙis daga bayan dashbod, can cikin duhun da wayoyi suka cukurkuɗe kamar taliya.

Alhaji ya taɓa ganin mota ta kama da wuta a hanyar Gusau, kuma direban ya ce da 'yar ƙara ta fara. Saboda haka ya dawo a fusace. Ya sauka, ya zauna a benci yana jan carbi, Haladu ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari yana saurare. Shiru. Ya ciccire fis ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza wayoyi, ya ɗaure kan batir. Shiru.

Ya ce, "Alhaji, yaya ƙarar take?"

"Kamar ɓera yana cin gyaɗa. A'a, kamar gara a azara. Kai, kamar wuta tana cin kara!"

"Alhaji, waɗannan ai ƙara uku ke nan."

"To duk ukun ka saka mini! Shiga ka tuƙa da kanka ka ji."

Haladu ya tuƙa, Alhaji na gefe yana jan carbi yana jiran a kama ɓarawo. Suka zaga gari, mota lafiya lau kamar jaririn da ya ƙoshi. Alhaji ya karɓi motarsa ya nufi gida, bai kai kwanar masu rake ba sai ƙis-ƙis. Haka aka yi ta yi, ya kawo, ta yi shiru, ya tafi, ta tashi. Har magana ta bazu a tasha daga bakin Alhaji cewa Haladu yana saka wa mota ciwon da ke ɓuya idan ya gan shi. Masu kawo masa aiki suka soma wuce rumfarsa suna kallon wani gefe.

Ranar da Alhaji ya kai ƙara gindin ɗorawa, gareji ya tsaya cak. Ya ce, "Sarki, na kawo mota da ciwo ɗaya, an ba ni ita da aljani. Ko dai ya cire abin da ya saka, ko doka ta yi aikinta."

Haladu ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban ƙi a hukunta ni ba. Amma yaya zan cire abin da ban taɓa ji ba? Kunnena ya yi kwanaki a ƙarƙashin sitiyarin nan, har matata ta ce wuyana ya karkace."

Baba Jatau ya shiga auna magana. Idan ya ce babu ƙara, ya ƙaryata dattijo a gaban jama'a. Idan ya ce akwai, ya kori mutum daga rumfar maigidansa a kan abin da babu mai shaida. Can ya ce, "Ku biyun nan ban san ɗayanku da ƙarya ba. Idan mai gaskiya ya ce ya ji, mai gaskiya ya ce bai ji ba, to ba mota ɗaya suke saurare ba. Akwai motar da Alhaji yake ciki, akwai motar da ya fita. Mu kuwa ta biyun kawai muka bincika."

Sai ya ce, "Alhaji, shiga motarka kai kaɗai. Ka yi duk abin da ka saba yi idan za ka kasuwa, kamar ba ma nan. Ka tafi har bakin ƙofar gareji ka dawo."

Makanikai suka yi caa a gaban mota, kowa ya miƙa kunne. Baba Jatau kuwa ya ɗauki sandarsa, ya kama hannun Haladu, suka koma bayan mota suka tsaya.

Alhaji ya shiga, ya yi bisimilla, ya gyara babbar riga. Ya rataye carbinsa a 'yar sandar da ke hagun sitiyari, inda ya saba rataye shi tun ranar da ya sayi motar. Carbin kuwa irin mai dubun nan ne, mai manyan 'ya'ya, wanda ko a wuya ka rataya sai ka san ka ɗauki kaya. Ya murɗa makulli, ya ja.

"Kun ji ko? Kun ji ko?" ya ƙwala ta taga. "Ga shi nan ya fara!"

Baba Jatau bai ji komai ba daga inda yake. Amma ya nuna da sanda. A bayan motar, ta hagu, wani ƙwan fitila da ƙura ta rufe yana ƙyaftawa a hankali, kamar tsoho mai gyangyaɗi.

Haladu ya dafe kai. "Sigina! Wallahi Sarki, ranar da na gyara hon na tarar fis ɗin sigina ya ƙone tun tuni. Na ce bari in sa masa sabo, kyauta. Ban ko faɗa masa ba."

Da Alhaji ya dawo, Baba Jatau ya leƙa ta taga ya ce, "Alhaji, ara mini carbin nan in sa albarka." Alhaji ya zare ya miƙa masa. Sandar sigina ta koma mazauninta, ƙis-ƙis ya ɗauke. Baba Jatau ya mayar ya rataye, ƙis-ƙis ya dawo. Ya sake zarewa, shiru. Ya bar Alhaji ya yi wa kansa karatu.

Alhaji dai tun da ya sayi motar siginarta a mace take. Da hannu yake nuna inda zai juya, kamar yadda ya ga ubangidansa yana yi, kuma a saninsa waccan sanda an yi ta ne don rataye carbi. Ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya ce a hankali, "Wato duk kwanakin nan ina gaya wa gari zan juya hagu?"

"Har a miƙaƙƙiyar hanya, Alhaji," in ji wani mai faci.

"Masu yi mini hon a baya suna ɗaga hannu fa? Ni ina ta amsa musu gaisuwa."

Kowa ya fashe da dariya yana fama da haƙarƙarinsa.

Da dariya ta lafa, Baba Jatau ya yanke hukunci. Ya ce, "Alhaji bai yi ƙarya ba, ƙara ta fito daga hannun Haladu. Haladu bai yi ɓarna ba, abin da ya mutu ya tayar. Amma doka doka ce: mai mota yana da ikon a mayar masa da motarsa yadda ya kawo ta. Alhaji, idan ka so, yanzu Haladu zai cire fis ɗinsa, ka koma shirunka. Idan kuma ka ce a bar shi, to ka amsa gyara ne, kuma bakin da ya kai wancan labari tasha shi zai kai wannan."

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "A bar shi. Amma wannan yaro ya yi mini laifi ɗaya. Wa ya aike shi alheri a ɓoye?"

"Wannan kam laifi ne," in ji Baba Jatau. "Hukuncinsa, ya kafa maka ƙugiya a dashbod, carbi ya samu ɗakinsa. Daga yau kuma idan ya yi kyauta ya buɗe baki."

Haladu ya kafa ƙugiya, ya ci gaba da zama a rumfar maigidansa. Alhaji ya cika alkawari, ya kai labari tasha da bakinsa, har ya fi kowa iya ba da shi, don shi kaɗai yake iya kwaikwayon yadda yake amsa gaisuwar masu zaginsa.

Masu hikima suka ce laifi tudu ne. Mutanen garejin kuwa nasu karatun shi ne: kafin ka tuhumi hannun da ya taɓa maka kaya, duba abin da naka hannun ya rataya.

Da kafinta ya gama ba ni labari, na tafi motata cike da hikima. Na zare carbi, na kwashe goro da tsofaffin makullai, na cire hular da ke kan dashbod, har na sa uwargida ta tsaya a baya ta duba fitilu. Ƙarar tana nan. Jiya kuma rediyon ya mutu.