Abin da Elvis Ya Goge

Akwai wani malamin waƙa mai suna Elvis, ɗan Kagoro, da ke aiki a Dubai a wani kamfanin haɗa na'urorin sauti. Ya yi karatun kiɗa a makaranta, yana da takardar shaida, kuma ba ya bari kowa ya manta da ita. Ranar Lahadi shi ke jagorantar mawaƙan 'yan Arewa a wata majami'a da ke Jebel Ali.

A cikin mawaƙan akwai Mama Sabina, 'yar garinsu, wadda ta isa ta haife shi. Guga take yi a ɗakin wankin wani otal, kwana shida a mako, tana zaune a masaukin ma'aikata a Al Quoz. Ta san gidan su Elvis sosai, amma tun zuwansa ya ja mata kunne cewa ba ya son zancen gida a gaban mutane. Ta kama bakinta.

Bara majami'un yankin suka haɗa kai za su rera babban aikin wani Baturen Ingila da ya rasu kusan shekara ɗari da suka wuce. Aiki ne mai nauyi. Muryoyi sun kasu takwas, ga makaɗa arba'in, masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna. A tsakiyarsa akwai wurin da duk kayan kiɗa ke yin shiru, sai mata masu kaurin murya su shigo su kaɗai da addu'ar matafiya. Wannan wurin aka ba matan Najeriya, su tara.

An yi hayar littattafan waƙar daga Ingila, da sharaɗin fensir kawai za a yi rubutu da shi a ciki.

Matsalar ita ce, babu ko ɗaya cikin matan nan tara da ta iya karanta rubutun waƙa na Turawa, wato ɗigo-ɗigon da ke kan layuka biyar. Abin da suka taso da shi a gida shi ne solfa, wato do-re-mi da ake rubutawa da baƙaƙe. Elvis ya ce shi bai san wannan ba, kuma ba shi da lokacin abin ƙauye.

Sai Mama Sabina ta ɗauki nauyin. Ta sa waƙar a wayarta. Kullum a motar ma'aikata, zuwa da dawowa, tana sauraro tana mayarwa baya, tana rubuta d, r, m da fensir a saman kowace kalma. Wata huɗu ta yi a haka. Duk shafin da ta gama, sauran matan su kwafa a nasu. Ranar hutunsu ɗaya tak a mako, wadda ya kamata su yi wanki su kira 'ya'yansu, a kan waƙar nan take ƙarewa.

Saura mako guda, Elvis ya ce kowa ya ba shi littafinsa zai duba lafiyarsu. Suka ba shi.

Ranar Asabar aka yi gwajin ƙarshe, jajibirin taron. Ga Turawa, ga Indiyawa, ga 'yan Filifin, mutum sama da ɗari. Jagoran duka, wani tsoho mai suna Mista Hobson, ya zo daga Ingila musamman. Sai da aka zauna Elvis ya raba littattafan.

Chastity, ɗaya daga cikin matan, wadda ke kusa da Mama Sabina, ita ta fara buɗewa. Ta juya shafi ɗaya, biyu, uku, sannan ta taɓo ta.

"Mama, duba naki."

Babu komai. An goge tas, har da ɓurɓushin magogi a tsakanin shafuka. Littattafai tara, ba a bar ko baƙi ɗaya ba.

Mama Sabina ta ɗaga ido ta kalli Elvis. Ya matso ya ce mata ƙasa-ƙasa ba zai yarda a yi masa dariya a gaban Turawa ba. Wadda ba ta haddace ba ta riƙa motsa baki kawai. "Khalas, maganar ta ƙare," in ji shi, ya koma wurinsa.

Aka fara. Da aka iso wurin da makaɗa ke yin shiru, Mista Hobson ya juyo ya miƙa wa matan hannu. Uku suka shigo a makare, biyu suka ɗauki wata murya daban, sauran suka tsaya cak. Ya sake ba su dama. Abin ya fi na farko lalacewa.

Kafin tsohon ya ce wani abu, Elvis ya tashi da murmushinsa. Cikin Turancinsa mai santsi ya ba da haƙuri, ya ce matan nan ba su iya karatun waƙa ba, ya yi iya ƙoƙarinsa a kansu. Shawararsa ita ce a ba wasu wurin, su kuma gobe su zauna cikin 'yan kallo.

Wata huɗu na hutun mutane, ya ba da shi kyauta a cikin jimla biyu.

Mama Sabina ta miƙe. Da Turancinta na otal ta gaya wa tsohon cewa sun iya karatu, irin nasu. Karatun ne aka goge. Ta bi ta tsakanin masu goge ta ajiye littafin a gabansa.

Mista Hobson ya karkata shafin wajen haske. Hannun mai guga ya saba danne abu da ƙarfi, don haka shatin fensir ɗin na nan a jikin takarda. Ya sa yatsa yana bi, sai aka ji yana rerawa a hankali: do, do, mi, re. Daidai da waƙar.

Ya ɗago ya tambaya wa ya rubuta. Aka ce Mama Sabina ce, da kunne ta yi shi a cikin mota. Sannan ya faɗa wa taron cewa kakarsa ma'aikaciyar masaƙa ce, ba ta taɓa sanin layuka biyar ba, kuma da irin baƙaƙen nan ta rera wannan aikin ita da abokan aikinta. Ya ce daga ƙasarsu solfa ya tafi Najeriya, su ne suka yar da shi.

Sai ya tambaya wa ya goge. Matan nan tara suka kalli wuri ɗaya, inda Elvis yake.

Tsohon ya ce wurin na matan nan ne, ba zai ba kowa ba, in dai za a iya mayar da rubutun kafin gobe. Ya miƙa wa Mama Sabina fensir ɗinsa.

Ba ta karɓa ba. Ta juya ta yi Hausa.

"Na rubuta sau ɗaya. Wanda ya goge shi zai mayar."

"Mama, kin san ban iya wannan abin ba," in ji Elvis.

"Elvis, kalle ni. Wa ya koya mini solfa? Mahaifiyarka ce, a zumuntar mata, kana goye a bayanta. Kafin ka iya rubuta sunanka kana rera do-re-mi a ƙofar gidanku. Ni za ka ce wa ba ka iya ba?"

Duk 'yan Arewan da ke wurin sun ji. Sauran ba su ji Hausa ba, amma sun ga fuskarsa.

Ya karɓi fensir. Aka ci gaba da gwaji, shi kuma yana can kujerar baya da littattafai tara a cinya. Aikin da ya ci Mama Sabina wata huɗu, kafin la'asar ya gama littafin farko, bai tambayi kowa komai ba. Chastity ta leƙa ta ga ko kuskure ɗaya babu.

"Ashe malam ya iya abin ƙauye," ta ce.

Washegari zauren ya cika. Da makaɗa arba'in suka sauke kayansu, mata tara suka shigo tare kamar mutum ɗaya. A ƙarshe Mista Hobson ya sa su suka matso gaba su kaɗai aka tafa musu.

Bayan an watse, Elvis ya same ta a bakin motar ma'aikata. Ya rusuna ya ce ta yafe masa.

Ta dube shi.

"Ba ni ka goge ba," ta ce. "Yau Lahadi, mahaifiyarka na gida. Kira ta ka faɗa mata abin da ka goge. Abin da ta ce, shi na ce."

Ta hau mota. Aka bar shi tsaye a rana da waya a hannu.

Darasi: Ilimin da zai sa ka ji kunyar hannun da ya fara koya maka, bai gama gyara ka ba. Kada ka share wahalar wani don baƙi su yabe ka, domin sau da yawa baƙin sun fi ka sanin darajar abin da ka raina. Ku tura wa duk wanda ya yi nisa da gida har ya fara jin kunyar inda ya fito.