Itatuwan Gonar Aro

Akwai wani magidanci mai suna Sabiru a wani ƙauye kusa da Sandamu. Acaɓa yake yi a birni, da sana'ar ta mutu ya dawo gida da matarsa Adawiyya da 'yarsu Sumayya, ba shi da ko taƙin ƙasa.

Kawunsa Dabo ya ba shi aron wata gona da ta gaji, rairayi zalla. Gaskiya ba don tsananin ƙauna ya ba shi ba, ita gonar ce ba mai so.

Sabiru ya taɓa ganin wata dabara wajen manoman Nijar. Lokacin sassabe ba ya ƙone komai. Duk kututturen sabara ko kalgo da ya yi toho, sai ya bar masa reshe biyu masu ƙarfi, ya sare sauran ya shimfiɗa a ƙasa tare da karan gero. Mutane suka yi ta dariya, wai ɗan birni ya zo kiwon daji.

Bayan 'yan shekaru itatuwan suka tasa, ganye ya ruɓe, ƙasa ta yi duhu, rumbu ya fara cika. Daga nan dariya ta koma gulma. Kun dai san mutanenmu.

Aka je aka ce wa Kawu Dabo, "Wanda ya raini itace a gonar aro ai gonar yake nema. Gobe a gaban alƙali zai nuna su ya ce tasa ce."

Ran Laraba, gero ya riga ya tsiro, Kawu ya iso gonar ko sallama babu.

"Sabiru, nan da Juma'a ka sare su duka, ko ka fita min daga gona."

Sabiru ya durƙusa. "Kawu, ka yi min rai. Wallahi gonarka ce, itatuwan ma naka ne."

"Na gama magana."

Sabiru ya koma gida. In ya sare, gona ta koma rairayi. In ya ƙi, ba gona, ba abinci.

Adawiyya ta ce, "Baban Sumayya, ka sare kawai. In ya kore mu, ina za mu nufa?"

Ran Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin ruwa ya sauka sai da iska ta daɗe tana kwasar rairayi tana watsawa, har ta yaye rufin ɗakuna.

Da safe Sabiru ya ɗauki gatari ya tafi cika umarni. Gonar Kawu tana maƙwabtaka da tasa, an share ta fes. Iska ta binne geron cikinta kaf. A gonar aro kuwa itatuwa sun tare iska, kara ya riƙe ƙasa, gero na tsaye shar.

Kawu yana tsaye a kan iyaka. Sabiru ya gaishe shi, ya nufi kalgon farko hawaye na zubo masa, ya ɗaga gatari.

Sai ya ji an riƙe masa hannu.

"Ajiye," in ji Kawu.

Ya ja shi zuwa tasa gonar. Suka yi ta dubawa har suka sami wani ɗan tohon sabara guda ɗaya da ya tsira daga wutar sassabe. A bayansa gero uku ne a raye.

Dattijon ya tsuguna a gabansa, ya ce, "Nuna min, ɗana. Wane reshe ake bari?"

Darasi: Kada gulmar mutane ta sa ka rushe alherin da ake ginawa a gonarka, kuma mai haƙuri da biyayya Allah ba ya kunyata shi. Manoma, bana a bar wa ƙasa itacenta, ita ce ke ciyar da mu. Ku tura wa duk manomin da kuka sani kafin ya kunna ashana.