Jalo da Rigar Aska Takwas

Akwai wani maɗinki a cikin birnin Zariya, wajen shekarar 1988, ana ce masa Malam Lado. Jama'a, a faɗi gaskiya, mutumin ya iya ɗinkin babbar riga, shi ne ma shugaban maɗinkan unguwarsu. Sai dai Allah ya haɗa masa da baki da jin kai.

In ka kai masa aikinka, ba ya ko kallon gaban rigar. Juya ta yake yi ya duba bayan ɗinkin, inda ƙulle-ƙullen zare ke ɓuya. Sai ya taɓe baki ya miƙo maka, ka koma gida kana jin kamar ba ka taɓa riƙe allura ba.

A unguwar kuma akwai Malama Sakinatu, tsohuwar malamar firamare. Da ta yi ritaya, sai ta buɗe aji a zauren gidan mahaifinta domin kurame da yaran da shan inna ya taɓa. Gida-gida ta bi tana roƙon iyaye su fito da 'ya'yan da suka ɓoye a ƙuryar ɗaki. Da safe karatu, da yamma sana'a. Kekunan da suke tuƙawa da hannu kuwa, wani mai walda a Wusasa ke haɗa musu.

Cikin yaran akwai Jalo, ɗan shekara goma sha biyar, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu biyu tun yana ƙarami. Mahaifinsa, Malam Mamman, manomi ne a wani ƙauye bayan ganuwa, kuma talauci ya ci ƙarfinsa. Har ya riga ya yanke shawarar kai Jalo Kaduna, ya zauna bakin titi yana bara.

Malama ta ce masa, "Malam Mamman, ka bar mini shi zuwa kaka mai zuwa. In wani maɗinki na birni ya yarda ya ba shi aiki, ka ƙyale shi. In ba a samu ba, ba zan hana ka ɗanka ba."

Ya ce, "Na yarda, Malama. Amma ana gama girbi zan dawo."

Washegari ta kai Jalo wurin Malam Lado. Yaron ya sauko daga keke, ya ja jiki ya haye dokin ƙofa, ya gaishe shi. Malam Lado ya dube shi sama da ƙasa.

"Haba Malama! Nan wurin sana'a ne, ba wurin raba sadaka ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yan sulalla. "Ungo, yaro. Allah ya sawwaƙe."

Jalo ya mayar da hannunsa baya. "Ba bara na zo ba, Baba. Allura nake so."

Yaran ɗinki suka bushe da dariya. Abin takaicin, duk wanda Malam Lado ya kora, babu maɗinkin da zai ɗauke shi, don kowa na tsoron bakinsa. Zaure huɗu Malama ta shiga bayan nan, ko'ina sai "a yi haƙuri".

Wanda ya amsa a ƙarshe shi ne Baba Ya'u, wani tsohon maɗinki da idonsa ya mutu, mutane har sun manta da shi. Ya ce, "Ni ban ga ƙafa ba, ban ga fuska ba. A kawo hannun in ji."

Kullum bayan azahar ake rako shi zauren Malama. Tunda ba ya gani, da yatsu yake duba aiki. Sai ya shafa bayan ɗinkin a hankali, da ya ji ɗan ƙulli ko zaren da ya yi tsalle, sai ya ce, "Warware."

"Baba, wannan ai ba mai gani."

"Ni na ji shi. Warware."

Wallahi yaron nan ya sha warwara. Akwai ranar da ya warware aikin kwana tara yana hawaye. Sauran yara na wasa da kekunansu a ƙofar gida, shi yana duƙe da zaren tsamiya har yatsunsa suka yi kanta. Bai taɓa cewa ya gaji ba, domin ya san abin da ke jiransa a Kaduna.

Ana fara yankan dawa ya gama rigarsa ta farko, mai adon ƙirjin nan da ake kira aska takwas. Malama ta kai aka buge ta, ta ba dillali.

To, ku da ba 'yan birni ba, ga yadda abin yake. Babbar riga kan bi hannu da yawa: mai zane daban, mai ɗinki daban, mabugi daban, sannan dillali. Ba a rubuta sunan kowa a jikinta, ba a kuma cika tambaya ba.

Ranar wata Alhamis dillalin ya biyo ta zauren Malam Lado da riguna a kafaɗa. Malam Lado ya zaro rigar da Jalo ya ɗinka, ya juya ta kamar yadda ya saba. Ya duba wuya, ya duba aljihu, ya fita da ita haske. Bakin da ya saba taɓewa ya ƙi taɓuwa.

Ya daka wa yaransa tsawa. "Ku taso, malalata! Ku ga ɗinki! Bayansa kamar gabansa. Wannan hannun dattawan Zazzau ne, yaran yanzu ko a mafarki ba za su yi shi ba." Ya juya wurin dillali. "Ko wane ne, ka kawo mini shi gobe da hantsi. Na rantse a gaban jama'a, tsaye zan miƙe in tarbe shi, kuma manyan rigunan da ke hannuna shi zai yi musu wuya."

Dillalin nan shi ma ya sha wulaƙancin Malam Lado, don haka ya haɗiye dariyarsa ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Kafin magariba labari ya game unguwa. A yammacin nan ne kuma Malam Mamman ya iso daga ƙauye, don tafiya da ɗansa. Malama ta ce, "Ka kwana. Gobe ka raka mu wani wuri, daga can sai ku wuce tasha."

Da hantsi ƙofar zauren ta cika. Malam Lado ya sha rawani yana jiran dattijo. Sai ga keken Jalo ya kunno kai, Malama a gefe, Baba Ya'u na riƙe da bayan keken, Malam Mamman can baya rungume da ƙunshin kayan tafiya.

Dillali ya ce, "Ga mai rigar."

Malam Lado ya ce, "Ƙarya ne!" Ya jefa wa Jalo ƙyalle da allura. "Yi a gabana."

Jalo ya zare zare, ya duƙufa. Ba a daɗe ba ya miƙa masa. Malam Lado ya juya ƙyallen, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafa ƙasa, ya miƙe tsaye, a gaban yaransa da duk mutanen unguwa.

Ya ce, "Na zalunce ka, yaro. Ka yafe mini. Ga wuri nan kusa da ni."

Jalo ya ce, "Na yafe, Baba. Aikin zan karɓa, amma a riƙa kai mini zauren Malama. Mu tara ne a can, kuma akwai waɗanda suka kusa kamo ni."

Ni dai duk lokacin da na zo nan wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Malam Lado ya waiwaya ya ga baƙauyen da ke raɓe da bango. "Wannan fa?"

Malama ta ce, "Mahaifinsa ne."

Malam Lado ya taka har inda yake, ya ba shi hannu biyu. "Ashe kai ne baban maɗinki. Sannu, Malam."

Malam Mamman ya riƙe hannunsa gam. Shekara goma sha ɗaya ana ce masa baban gurgu. Ya ajiye ƙunshin kayan a kan keken ɗansa, ya share ido da gefen rigarsa.

Ya ce, "Malama, ni zan koma. Ni kaɗai."

Darasi: Larura a ƙafa take ko a kunne ko a ido, ba ta cinye baiwar da Allah ya ajiye a jikin yaro. Abin da yaro mai larura yake nema a wurinmu shi ne a buɗe masa ƙofa a koya masa, kuma duk wanda ya raina shi, wata rana zai miƙe masa tsaye. Ku tura wannan labari ga iyaye da masu sana'a, wataƙila akwai wani Jalo a unguwarku da ke jiran mai ba shi allura.