Baƙar Takardar Baba Gaspard

Akwai wani tsoho a ƙauyenmu mai suna Gaspard, mai sana'ar cuku. Mahaifin mijina ne. Ba na iya magana a gabansa, amma kunnena yana ji.

Yana saurayi aka zo ɗibar sojoji. Takardu ake zubawa a hula, wanda ya zaro baƙa shi zai tafi. Gaspard ya zaro baƙa, ya fashe da kuka. Amininsa Anselme, ɗan wani makiyayi, ya karɓe ta, ya tafi a madadinsa.

Shekara talatin Anselme yana yaƙi, daga Italiya har Rasha, sai da ya zama Mashal, wato babban hafsan sojoji, aka ba shi sandar girma. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Baba Gaspard daɗi.

Kullum sai ya ce, "Takardata ce fa! Sandar nan tawa ce, ɗan makiyayi ya ɗauke."

Ƙarshe ya rantse sai mijina Mathurin ya shiga soja ya ɗauko wa gidan girma. Lokacin cikina wata bakwai.

Ranar da Mashal ya zo ganin gida, wurinmu ya fara sauka. Yana shigowa ya ce:

"Gaspard sarkin kuka! Har yanzu warin cuku kake yi?"

"Kai kuma kana yawo da rabon wani. Ga ɗana nan, tafi da shi ya zama mutum."

Mashal ya dubi cikina, ya zauna. "'Yata, taimaka ki cire mini takalmin nan."

Na durƙusa na ja. Ulu ne cushe a bakin takalmin. Ƙafar ba ta da yatsa ko ɗaya.

Ya ce, "Ƙanƙarar Rasha ta cinye su. Ɗana Lucien ma can na baro shi. Ƙasa ta daskare, ko kabari ban iya tona masa ba."

Ya ajiye sandar a tebur, kusa da burodi.

"Mun taɓa musanya, Gaspard, mu sake. Ɗauki sandar. Ka ba ni yatsunka, da ɗanka, da jikan da ke tafe."

Baba Gaspard ya daɗe yana kallon sandar. Bai taɓa ta ba. Can ya juya ya daka tsawa:

"Mathurin! Tsayuwar me kake yi? Shanun za su tatsi kansu ne?"

Darasi: Kada ka yi hassadar matsayin wani alhali ba ka san abin da ya rasa kafin ya kai ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya gode da abin da ke hannunsa.